GADON WAƘA DA ZUMUNCI: ABIN DA MAKARANTUN GINDIRI SUKA BA MAJAMI'ARMU

GABATARWA

 

Sa'ad da aka ɗora mana nauyin rubuta wannan tarihi, mun zauna da iyayenmu maza da mata waɗanda Ubangiji ya bar mana da rai. Mun yi tsammani za su fara da labarin gini, wato yadda aka sami fili, da yadda aka buga tubali, da ranar da aka ɗora kwano. Wannan labari yana nan a wani shafi na littafin bikin. Amma kowane dattijo muka tambaya, kafin ya yi nisa sai ya koma kan waƙa, da wasan Kirsimati, da aikin gayya, kuma sai sunan wuri ɗaya ya fito daga bakinsa: Gindiri. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa wannan majami'a a can suka yi karatu, waɗanda ba su je ba kuwa, malaman da suka koyar da su daga can suka fito.

Littafin Firistoci sura 25 ya koya mana cewa a shekara ta hamsin akan busa ƙaho, kowane mutum ya koma ga gadonsa da danginsa. Saboda haka muka ga ya dace a wannan jubili mu waiwaya mu dubi gadonmu, mu san inda aka samo shi, domin kada ya salwanta a hannunmu.

KAFIN A KAFA MAKARANTA

A shekara ta 1904 ne Dokta Karl Kumm, mutumin Jamus, tare da abokan aikinsa uku, wato Dokta Bateman, da John Burt, da Lowry Maxwell, suka iso Wase. Su ne 'yan mishan na fari na ƙungiyar SUM. Aikin bai zauna a Wase ba, amma daga nan bishara ta shiga Langtang a 1907. A cikin shekarar nan kuma waɗansu 'yan mishan daga Kambirij ta Ingila suka buɗe tasha a Panyam, daga baya a Kabwir, kuma a 1930 aka miƙa wa SUM waɗannan tashoshi.

Ya kamata matasanmu su san yadda ƙasar take a wancan zamani. Kowace kabila tana kan dutsenta ko cikin kwarinta, da harshenta, da dodanninta, da bukukuwanta. Tsoron yaƙi da farautar bayi bai gama fita daga zukatan mutane ba. Mutum yakan tsufa bai taɓa kwana a garin da ba a jin yarensa ba. Ko da masu bi suka fara yawa, kowace tasha tana koyar da nata mutane ita kaɗai, mai bi na Langtang bai san ɗan'uwansa na Forum ba.

Abubuwa biyu suka sāke wannan hali. Na fari, a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan CMS ya ba shekaru masu yawa na ransa tare da waɗansu. Na biyu, shugabannin SUM suka ga lalle a sami wuri guda inda za a horar da masu bishara da malaman makaranta daga dukan tashoshi.

MAKARANTA A ƘASAR PYEM

Wurin da aka zaɓa shi ne Gindiri, a ƙasar Pyem, kudu maso gabas da Jos, cikin ƙaramar hukumar Mangu ta yau. An buɗe makarantar a 1934. Mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da wannan aiki shi ne William Bristow, wanda har a Gboko ta ƙasar Tibi akwai sakandare mai sunansa. Makaranta ce ƙarama. Ɗalibai magidanta ne da yawansu, sun zo da matansu da 'ya'yansu, suna noma abin da za su ci, suna karatu da Hausa.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin gonar. A 1938 aka naɗa fastoci uku na fari 'yan ƙasa, dukansu sun sami horo a Gindiri: Toma Tok Bot, mutumin Berom daga Forum, Bali Falang, mutumin Tarok daga Langtang, da David Lot, mutumin Mwaghavul daga Panyam. Ku duba da kyau, 'yan'uwa: mutum uku, kabila uku, aji ɗaya. Tun daga tushe haka Allah ya shirya ikilisiyarmu.

Daga nan makarantu suka yi ta ƙaruwa a fili guda. Ban da makarantar Littafi Mai Tsarki da kwalejin horon malamai, an buɗe Sakandaren Maza a 1950, Makarantar Yara Makafi a 1953, wadda ita ce ta fari irinta a Nijeriya, da Sakandaren 'Yan Mata a 1958. Kwalejin tauhidi ta TCNN ma a Gindiri ta fara a 1959 kafin ta koma Bukuru. Daga cikin waɗanda suka zauna a azuzuwan nan akwai Joseph Gomwalk, gwamnan jihar Binuwai da Filato daga 1967 zuwa 1975, da Solomon Lar, gwamnan farar hula na fari na jihar Filato a 1979. Muna gode wa Allah dominsu. Amma tarihin da muke bayarwa a nan na ɗaruruwan malamai ne da masu bishara da matansu, waɗanda ba a rubuta sunansu a jarida ba, suka ɗauko abin da suka koya suka kai ƙauyuka da garuruwa irin namu.

HARSHE ƊAYA, MURYA HUƊU

Dattawanmu sun ce ranar da ɗalibi ya fara isa makaranta da akwatinsa a ka, abin da ya fi damunsa shi ne wanda zai kwana kusa da shi. Ga Ngas, ga Berom, ga Tarok, ga Ron, ga Jarawa da Sayawa daga ƙasar Bauci, ga waɗansu daga bakin Binuwai. Waɗansu kakanninsu sun yi yaƙi da juna. Hausa ce ta haɗa su, ko da yake ga yawancinsu harshen kasuwa ce, ba na gida ba. A cikin aji sun koyi karanta ta. A cikin waƙa ne ta zama tasu.

Littafin Waƙoƙi, wanda ikilisiyoyin SUM da na SIM suka yi tarayya a kansa, shi ne littafi na biyu a hannun kowane ɗalibi bayan Littafi Mai Tsarki. Lowry Maxwell, ɗaya daga cikin huɗun nan na Wase, gwanin Hausa ne, yana cikin waɗanda suka juya waƙoƙin sujada zuwa harshen. Ana koyon muryoyin da hanyar solfa, wato do, re, mi, malami yana rubutawa a allo da alli, ɗalibai suna bi. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta bukatar garaya ko molo ko wani kayan kiɗa mai tsada. Malamin da ya iya solfa, in aka tura shi ƙauyen da babu ko benci, zai iya ta da ƙungiyar mawaƙa a gindin itace.

Akan raba mawaƙa kashi huɗu: sufurano, alto, tena, da bes. A nan ne asirin yake. Malamin waƙa ba ya tambayar kabilarka, muryarka yake saurara. In muryarka mai kauri ce, za ka tsaya a layin baya tare da duk mai irin muryarka, ko daga ina ya fito. In kuwa ka ɗaga murya fiye da kima don a ji ka, ka ɓata waƙar duka. Wani tsohon malami a cikinmu ya ce mana, shi a layin bes ya fara gane abin da Manzo Bulus yake nufi a 1 Korantiyawa sura 12 game da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, tun kafin a koya masa a aji. Mutumin da ya tsaya kusa da shi shekara uku, daga kabilar da aka hana shi cin abincinta tun yana yaro, shi ne ya zama abokin angonsa.

MUHAWARA A KAN GANGA

Tarihin gaskiya ba ya ɓoye inda aka yi tuntuɓe. Waƙoƙin littafi suna da koyarwa mai zurfi, amma muryoyinsu na Turai ne. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, da dogon wasali da gajere. Sau da yawa muryar waƙar takan hau a inda kalmar take sauka, ko ta ja gaɓar da ya kamata a gajarta, har mai sauraro ya rasa abin da ake faɗi. Ban da haka, 'yan mishan da yawa, har da iyayenmu masu bi na fari, sun ƙi yarda ganga ta shiga ɗakin sujada. Kada mu yi saurin ba su laifi. Mutumin da ya fito daga tsafi jiya, ya san abin da wani kiɗa yake kira, ya san kuma giyar da ake sha a wurin. Ya ji tsoron kada abin da ya bari ya biyo shi.

Amma ƙuruciya ba ta rabuwa da kiɗa. Dattawanmu sun tuna daren da akan ba ɗalibai dama kowace kabila ta nuna rawarta da waƙarta ta gargajiya, ta noma, ta farauta, ta biki. A irin wannan dare ne ɗan Langtang yakan fara jin kundung na Berom, wato katakan nan da ake jerawa a kan ƙahonin shanu ana bugawa, ko ya ga yadda waɗansu suke busa sarewa da ƙaho a jere, kowa da muryarsa guda. Akan yi dariya, akan yi wa juna ba'a, amma an daina jin tsoron juna. Sannu a hankali aka fara tambaya: in Zabura 150 ta kira kowane irin kayan kiɗa su yabi Ubangiji, me ya sa namu kaɗai za a bari a waje?

Iyayenmu mata ne suka amsa wannan tambaya, ba da gardama ba, da aiki. 'Yan Zumuntar Mata suka ɗauki abin da ke cikin ɗakin girkinsu, tulu da ƙwarya da gora mai tsakuwa, suka haɗa da kuge, suka shirya waƙoƙi irin na gida, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi. Kalma tana tafiya daidai da murya, tsohuwar da ba ta iya karatu ba takan haddace labarin Littafi Mai Tsarki sura guda cikin waƙa ɗaya. Matan ɗaliban da suka zauna tare a makaranta sun koya wa juna irin waɗannan waƙoƙi, da aka tura mazansu wuraren aiki kuwa, waƙoƙin suka bazu tare da su. Sa'an nan tsakanin 1963 da 1964 aikin Sabon Rai Don Kowa ya tashi, ƙungiyoyinsa suka fita kasuwa da dandali da ganga suna wa'azi cikin waƙa. A shekarun nan kuma akan ji waƙoƙin Hausa na masu bi a rediyo, daga ELWA ta Laberiya, da shirye-shiryen Muryar Bishara da ake ɗauka a Jos ana watsawa daga Adis Ababa, har zuwa 1977 da gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar. Abin da ake shakka a kansa jiya, ya zama abin da aka san mu da shi.

WASAN KWAIKWAYO DA BUKUKUWA

Abu na biyu da iyayenmu suka ɗauko shi ne wasan kwaikwayo. Ba a bukatar kuɗi. Zanen gado ya zama rigar mala'ika, tawul ya zama rawanin makiyayi, audugar gona ta zama gemun Ibrahim, fitilar kwai ta zama tauraro. Labaran da aka fi so su ne na Yusufu da 'yan'uwansa, Ɗa Mubazzari, Basamariye mai kirki, Budurwai Goma, da haihuwar Ubangijinmu. Ɗalibai sukan sa kayan ƙasa a ciki: ɗan da ya gudu yakan tafi barikin haƙar kuza ya ƙarar da kuɗinsa, gama kowa ya san wani saurayi da hakan ta faru da shi. Mutanen gari sukan zo kallo, masu bi da waɗanda ba masu bi ba, a yi dariya har da hawaye, amma sa'ad da uban ya ruga ya rungumi ɗansa, wurin yakan yi tsit.

Ga malami mai koyon aiki, wannan horo ne sosai. Wanda ya iya tsayawa gaban taro a matsayin Fir'auna ba zai ji tsoron aji ba, ba zai kuwa ji tsoron bagade ba. 'Yan mata da aka rene su kada su ɗaga kai gaban manya, a nan suka koyi magana a fili, waɗansunsu suka zama shugabannin makarantu da na Zumuntar Mata.

Akwai kuma ranakun da dukan makarantun suke haɗuwa: sujadar Lahadi, gasar waƙa, ranar guje-guje da tsalle-tsalle, ƙwallon ƙafa tsakanin makaranta da makaranta, faretin 'yan Birged, godiyar kaka, da ranar sallamar waɗanda suka gama. Yaran Makarantar Makafi ba a bar su a baya ba. Suna karatu da yatsa a rubutun Braille mai ɗigo shida, suna koyon sana'ar hannu, kuma dattawanmu sun shaida cewa wajen riƙe murya da haddace waƙa, masu ido sukan sha kunya a gabansu. A ƙasar da aka saba ganin makaho da ƙoƙon bara kaɗai, ganin yaro makaho ya tashi ya karanta nassi a gaban jama'a wa'azi ne da kansa.

Gona ma tana cikin karatu. Ɗalibi yakan riƙe fartanya da safe, ya riƙe alkalami da rana. A ƙarshen shekarun 1950 Peter Batchelor, malamin aikin gona, ya fara shirin da ya haɗa bangaskiya da noma, inda ake koya wa manoma huɗa da shanu da kiwon ƙasa. Waƙar gayya da ake yi a kunya ita ce ake juyawa ta zama waƙar yabo da yamma.

ZUMUNTAR ƊALIBAI DA FALKASWA

A 1957 aka kafa zumuntar ɗalibai masu bi, wadda aka fi sani da FCS, kuma a Gindiri aka haife ta. Daga can ta bazu zuwa makarantun Arewa, na mishan da na gwamnati. A cikinta ɗalibai da kansu suke shirya addu'a, da nazarin Littafi, da waƙa, da fita wa'azi ƙauyuka a ƙarshen mako.

A 1972 kuwa Ubangiji ya ziyarci makarantun da falkaswa mai ƙarfi. Waɗanda suke wurin a cikinmu ba sa ba da labarin da wasa. Sun ce ɗalibai sun yi ta tuba da kuka, masu gaba suka nemi gafarar juna, waɗanda suka ɗauki abin da ba nasu ba suka mayar. Mun rubuta wannan domin mu tuna cewa waƙa da wasa ba su ne tushe ba. Tulu ne kawai, ruwan da ke ciki shi ne Maganar Allah da tuba ta gaskiya. In ruwan ya ƙare, tulun sai ƙara.

YADDA GADON YA ISO GARE MU

'Yan shekaru kaɗan bayan wannan falkaswa aka kafa majami'armu, a daidai lokacin da ƙasa take neman malamai ido rufe saboda shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka ƙaddamar a 1976. Aiki ne ya kawo iyayenmu wannan gari: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, 'yan kasuwa, tare da 'yan'uwanmu Hausawa masu bi da suka tarar ko suka biyo baya. Ba su da fasto, ba su da gini. Suna da Littafi Mai Tsarki, da Littafin Waƙoƙi da bangonsa ya yage, da tulu guda.

Kafin a sami dattawan ikilisiya, an sami ƙungiyar mawaƙa. Kafin a sayi benci, an yi wasan Kirsimati a ƙofar gidan wani malami, kuma waɗansu iyalai da ke zaune a cikinmu yau, kakanninsu daga kallon wasan nan suka fara zuwa sujada. Tubalin ginin fari da gayya aka buga shi, mata suna ɗebo ruwa suna waƙa, maza suna kwaɓa ƙasa suna amshi. Ba wanda ya ce wannan majami'ar kabila kaza ce, gama waɗanda suka kafa ta sun riga sun koyi kwana ɗaki ɗaya da cin tuwo a kwano ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun kuwa san haka tun suna makaranta.

ABIN DA KE GABANMU YAU

'Yan'uwa, ranar murna ce, amma ba za mu rufe wannan tarihi ba sai mun faɗi abin da ya dame mu sa'ad da muke tattara shi.

Na ɗaya, waƙoƙi suna mutuwa tare da masu su. Yawancin waƙoƙin Zumuntar Mata da na Sabon Rai ba a taɓa rubuta su ba. Mun roƙi wata uwa a cikinmu ta rera mana waƙar da aka yi ranar buɗe ginin fari. Ta yi baiti biyu ta tsaya, ta ce wadda ta san sauran ta riga mu gidan gaskiya. Mun tambaya ko'ina, ba mu sami mai cikawa ba. Wannan waƙa ta tafi ke nan.

Na biyu, masu iya solfa sun ragu ƙwarai. Muna gode wa Allah saboda kayan kiɗa na zamani da matasanmu masu hazaka da suke bugawa. Amma mun ga ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar sujada, waƙa ta tsaya cik, sai da tsofaffi suka ɗaga murya suka cece mu. Iyayenmu sun yi waƙa da murya huɗu ba tare da wuta ba.

Na uku, 'ya'yanmu da yawa suna jin Hausa amma ba sa iya karanta ta, yaren gida kuwa sai gaisuwa. Turanci yana da amfani, ba mu hana ba. Sai dai yaron da ba ya iya buɗe Littafin Waƙoƙi ya bi layi, an raba shi da kakarsa ko da suna zaune a benci ɗaya.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Tun daga rikicin Jos na 2001 ƙasarmu ta sha zubar da jini, kuma a 2023 hare-hare suka auka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Mangu, inda makarantun nan suke, da kuma Bokkos da Barikin Ladi a daren jajibirin Kirsimati. An rasa rayuka masu yawa, dubbai suka bar gidajensu, akwai kuwa 'yan'uwa a cikinmu da suka yi makoki. A irin wannan lokaci zuciya takan ƙuntata, kowa ya koma ga nasa. Mu faɗi gaskiya a gaban Allah: har a cikin ikilisiya, sa'ad da zaɓen dattawa ko na shugabannin ƙungiyoyi ya zo, akan ji ana raɗa, ana tambayar daga ina mutum ya fito. Wannan tambaya ce da malamin waƙa bai taɓa yi wa iyayenmu ba. In muka bar ta ta yi saiwa, za mu rushe da hannunmu abin da aka fara ginawa tun 1934, ko da ginin siminti yana tsaye.

SHAWARWARI

Domin kada bikin nan ya ƙare a cin shinkafa da ɗinkin anko, muna miƙa waɗannan shawarwari ga majalisar dattawa da dukan jama'a.

1. Matasa su bi iyayenmu gida gida, su ɗauki muryarsu da waya, su rubuta kalmomin kowace waƙa da labarin yadda aka yi ta, a ajiye kofi a ofishin majami'a. A fara da waɗanda suka fi tsufa, a fara kuwa cikin wannan wata. Zumunta a ƙafa take.

2. Tsofaffin malaman waƙa su buɗe ajin solfa ga yara da matasa, ko sau ɗaya a mako.

3. Makarantar Lahadi ta ware lokaci don koyar da karatun Hausa, iyaye kuma su yi wa 'ya'yansu yaren gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. A maido da wasan Kirsimati da na Ista a fili, a gayyaci maƙwabta duka, kowane addini, kamar yadda iyayenmu suka yi.

5. Sau ɗaya a shekara a yi ranar da kowace kabila za ta kawo waƙar yabo da harshenta, da sharaɗi guda: ta koya wa sauran jama'a amshin, mu rera tare.

6. Mu tuna da makarantun ikilisiya cikin addu'a da baiko, musamman Makarantar Makafi, mu kuma taimaki yaran da rikici ya raba da karatu.

KAMMALAWA

Muna gode wa Allah saboda bayinsa da suka bar ƙasarsu suka zo, da iyayenmu da suka karɓi bishara suka sa mata muryar ƙasarmu, da malamai da iyaye mata waɗanda suka yi hidima a wannan majami'a shekara hamsin ba tare da albashi ba. Waɗansu suna zaune a cikinmu yau da furfura, waɗansu sun shiga hutawa. Ubangiji ya san sunan kowannensu.

Yawancinmu ba za mu ga cikar shekara ɗari ba. Yaran da suke zaune a tabarma a gaba yau, su ne za su rubuta wancan tarihi, kuma abin da muka sa a bakinsu shi za su rera. Idan an tashi waƙar rufewa yau, muna roƙon kowane dattijo ya jawo yaro ɗaya kusa da shi, ya buɗe masa littafin, ya nuna masa layin da yatsa.

Allah ya albarkaci majami'armu, ya ba ƙasarmu salama, ya kai kowa gidansa lafiya, cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Kwamitin Tarihi na Bikin Jubili